Allura Marar Ruwa da Cinyar da Ta Manta Aikinta

'Yan'uwana ɗalibai, da malamanmu, da yawa cikinku kun gan ni a ƙarshen shekarar 2023 ina dogara sanduna biyu tsakanin ɗakin kwana da ɗakin cin abinci, har waɗansu suka sa mini suna Mai Ƙafa Huɗu. Tun da na ajiye sandunan kuwa ba a daina tambayata abu guda ba, watau labarin allurar nan da aka ce an soka mini a cinya ba tare da magani a cikinta ba. Waɗansu sun ji an ce ita ce ta warkar da ni. Kwanan baya ma wani ɗan aji ɗaya, wanda gwiwarsa ta ke kumbure, ya tare ni a bakin laburare, ya ce in gaya masa inda a ke yinta don ya je a yi masa ya huta. Maganarsa ce ta sa na roƙi Edita ya ba ni fili a shafin Hausa, domin in bayyana abin da allurar ta ke iya yi, da inda ikonta ya tsaya. Ni ba likita ba ne, ɗalibin malanta ne kamarku. Abin da zan faɗa, wani a jikina na gan shi, wani likitoci suka koya mini, wani kuma na karanta shi sa'ad da na ke kwance ba ni da aikin yi.

YADDA GWIWA TA KE

Mu fara da kalma, tun da ya ke malamai za mu zama. Bahaushe yana da kalma ɗaya, jijiya, wadda ya ke kiran abubuwa huɗu da ita. Akwai jijiyar jini. Akwai jijiyar saƙo, wadda ta ke kai umurni daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, ta kuma komo da labari. Akwai agara, wadda ta ke haɗa tsoka da ƙashi, irin wadda ka ke ji a bayan diddigenka. Sa'an nan akwai jijiyar ɗauri, wadda ta ke ɗaure ƙashi da ƙashi. In ba mu rarrabe su ba tun yanzu, za mu ruɗe nan gaba.

Gwiwa mahaɗa ce ta ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri, ga ƙoƙon gwiwa a gaba kamar murfi. Manyan jijiyoyin ɗauri huɗu ke riƙe da ita. Ɗaya tana gefen ciki, ɗaya tana gefen waje, biyu kuwa suna can tsakiya sun gilma wa juna kamar alamar sau ta lissafi. Ta gaba cikin biyun nan ita ce mu ke magana a kanta. Likitoci su kan taƙaita sunanta da haruffa uku, ACL, mu kuwa bari mu kira ta jijiyar gilma ta gaba. Tsawonta santimita 3 ne zuwa 4, faɗinta kamar santimita 1. Aikinta shi ne ta hana ƙwauri ya zame gaba, ko ya murɗe ƙarƙashin cinya.

Amma jijiyar ɗauri ba ta iya motsa kome da kanta, igiya ce kawai. Tsoka ce mai motsi. A gaban cinya akwai babbar tsoka mai kai huɗu, duka huɗun sun haɗu a ƙoƙon gwiwa, su ne ke miƙe ƙafa, su ne kuma ke yi maka birki in kana sauka daga matakala. A bayan cinya akwai waɗansu masu lanƙwasa ta. To, mai karatu, ajiye mujallar ka gwada wannan. Zauna a ƙasa ka miƙe ƙafa, ka danna bayan gwiwarka a kan daɓe. Za ka ga ƙoƙon gwiwa ya ja sama, wata tsoka kuma ta taso daga gefen ciki, bisa ƙoƙon kaɗan, kamar ɗan mangwaro. Ka riƙe ta a zuciya. Ita ce kan ciki na tsokar nan mai kai huɗu, za mu kuwa komo wurinta.

YADDA TAWA TA TSINKE

A watan Fabrairu na 2023 ne, a wasan ƙwallo na gasar gidaje, ina buga lamba bakwai. Ba wanda ya taɓa ni. Na kafa ƙafar dama a ƙasa, na juya jikina hagu don in kauce wa mai tsaron baya, sai na ji ƙas! cikin gwiwa, na faɗi. Galibi haka jijiyar nan ta ke tsinkewa, wajen juyi, ko tsayawa farat ɗaya, ko dira daga tsalle, ba sai an doki mutum ba. Kafin rana ta faɗi gwiwa ta kumbura kamar gwanda. Kumburin da ya zo da sauri haka, cikin sa'a biyu ko uku, alama ce jini ya zuba cikin mahaɗar.

Da na je gida hutu kawuna ya kai ni wurin mai ɗori. Mutumin ya san aikinsa, na ga karayar da ya ɗora ta warke sarai. Amma a nan babu ƙashin da ya karye, saboda haka ya ja, ya murza, ya ɗaure, ba abin da ya sake. Gwaggona ta ce a kira wanzami ya yi sakiya a fid da mugun ruwa. Baba ya ce a'a, ina kuwa gode masa har gobe, gama ƙarfen da ya huda mahaɗa yana iya shigar da ƙwayoyin cuta inda su ke da wuyar fitarwa, har mutum ya rasa gwiwar gaba ɗaya.

Kumburin ya sauka da kansa, na komo makaranta ina tsammani na warke. Amma sau uku gwiwar ta goce da ni. Na ƙarshe ina gaban allo ne a darasin gwaji, na juyo zan yi wa aji tambaya, sai na tsinci kaina a ƙasa da alli a hannu. Daga nan aka kai ni babban asibiti. Hoton ƙashi bai nuna kome ba, don jijiya ba ta fita a cikinsa. Sai da likitan ƙashi ya kama ƙwaurina ya ja shi gaba, ya ji ba abin da ya tare shi, aka kuma ɗauki hoton na'urar maganaɗisu da a ke kira MRI, sa'an nan aka tabbata ta tsinke.

AIKIN LIKITAN ƘASHI

Jijiyar nan ba kasafai ta ke haɗewa da kanta ba. Duk da haka ba kowa ne a ke yi wa aiki ba, waɗansu motsa jiki kaɗai ya kan ishe su. Ni da gwiwata ta ke ta gocewa, ina kuma so in koyar da wasanni, aka ce aiki ya fi. A watan Agusta na 2023, lokacin dogon hutu, aka shiga da ni tiyata.

Ba a ɗinke tsohuwar jijiyar ba, gama ta zama kamar igiyar da ta tsinke ta barbaje. Sabuwa a ke sawa. A kan yanko agara daga jikin mutumin kansa, ko daga bayan cinya kamar yadda aka yi mini, ko daga gaban gwiwa. Sai a huda rami a ƙashin ƙwauri, a huda wani a ƙashin cinya, a zura agarar ta bi hanyar tsohuwar, a kafe ta a kowane gefe. Dabarar ta daɗe. Wani likita mai suna Hey Groves ya yi irinta a Biristol ta Ingila a 1917, Kenneth Jones kuma na Amurka ya bayyana yinta da agarar gaban gwiwa a 1963. Yanzu da 'yar kyamara a ke yi, wadda a ke zurawa ta ƙananan huji, shi ya sa tabona bai kai yadda ku ke zato ba. Sabuwar igiyar kuwa ta kan ɗauki watanni da yawa, har shekara ko fiye, kafin ta riƙa ta zama jijiya sosai.

CINYA TA ƘI JI

Kashegarin aiki likitan fisiyo ta zo, watau likitan motsa gaɓoɓi, irin waɗanda a asibitocinmu a ke kira masu gashin ƙashi. Ta ce, "Malam, matse cinyarka ka ɗaga ƙafar nan." Na ce, "To, Likita." Na yi niyya, na cije, gumi ya karyo mini, ƙafa kuwa tana kwance kamar ta wani. Tsoro ya kama ni, na tambaye ta ko an yanke mini jijiyar saƙo ne. Ta ce ba abin da aka yanke, kusan kowa haka ya ke yi, ta zauna ta yi mini bayani.

Ga yadda abin ya ke. Gwiwar da ta kumbura, ko ta ke ciwo, tana aika saƙo zuwa laka, watau babbar jijiyar saƙo da ke cikin ƙashin baya. Laka kuwa sai ta rage umurnin da ke zuwa ga tsokar gaban cinya. Wannan duka ba da sanin mutum ba ne, ba kuwa ragonci ba ne. An gwada abin a kan lafiyayyun mutane. A wani gwaji da aka buga a 1984 an zuba musu ruwan gishiri cikin gwiwa, aka ga mililita 20 zuwa 30 kawai, watau kamar cokalin cin abinci biyu, ya isa ya sanyaya kan ciki na tsokar, ɗan mangwaron nan namu. Sauran kawunan da aka auna sai da aka kai mililita 50 zuwa 60. Tsokar da ba ta aiki kuwa ramewa ta ke yi. A mako na shida na sa awo na tela na zagaya cinyoyina, santimita 10 bisa ƙoƙon gwiwa, na tarar ta dama ta kasa ta hagu da santimita 4.

Akwai hasara ta biyu wadda ba a gani da ido. Rufe idonka, ka sa abokinka ya lanƙwasa maka gwiwa. Ka san inda ta ke, ko ba ka duba ba. Wannan ji ne dabam, ban da biyar ɗin da mu ke koya wa yara a firamare, wani masani Bature mai suna Sherrington ya sa masa suna a 1906. Cikin tsoka da fata da jijiyoyin ɗauri akwai ƙananan bakunan jijiyar saƙo masu gaya wa ƙwaƙwalwa inda gaɓa ta ke, da saurin da ta ke motsi. Tsohuwar jijiyar gilma tana da nata. Da ta tsinke sun tafi tare da ita, sabuwar da aka sa kuwa ta zo ba su. Saboda haka dole ƙafa ta koyi dogara ga waɗanda suka rage.

To, kun ga abu biyu ke nan aka rasa, ƙarfi da iko. Ƙarfi shi ne yawan nauyin da tsoka za ta iya ɗauka. Iko shi ne ta matse a daidai lokacin da a ke bukata, gwargwadon da a ke bukata, tun kafin mutum ya yi tunani. Likitan ƙashi ya ɗaura mini igiya, amma waɗannan biyu ba a samunsu a tiyata.

ALLURAR KANTA

A wata na uku na tsaya cik. Lafiyayyar gwiwa ta kan lanƙwasa kamar digiri 135 ko fiye, tawa ta tsaya a 110, in na matsa mata sai ciwo ya taso gefen ƙoƙon. Wanda ya san bayan gidan ɗakin kwananmu ya san abin da rashin tsuguno ya ke nufi. Likitan fisiyo ta lalubi cinyata da yatsa, ta sami wani zare mai tauri kamar tsirkiya cikin kan ciki na tsokar, da ɗan ƙulli a kansa kamar ƙwayar gyaɗa. Da ta danna ƙullin sai ciwon ya harba har gwiwa, ainihin ciwon da ya ke damuna. Sa'an nan ta kawo maganar allura.

Asalin abin daga wata likita ce ta Amurka, Janet Travell, wadda ta zama likitar Shugaba Kennedy a 1961. Tun wajen 1942 ta ke bincike a kan ƙulle-ƙullen nan na tsoka masu aika ciwo wani wuri, tana yi musu allurar maganin kashe zafi. Ita da David Simons suka buga babban littafi a kansu a 1983. A 1979 kuwa wani likita na ƙasar Cekoslobakiya, Karel Lewit, ya nuna cewa sukan allurar kansa yana kawo sauƙi ko ba a zuba kome ba. Mu kan ce ruwan allura ga maganin da ke cikin sirinji. Wannan ba ta da shi, shi ya sa Turawa su ke kiranta busasshiyar allura, ni kuwa na ce allura marar ruwa.

Allurar siririya ce ƙwarai, kaurinta kamar milimita 0.3, ba ta da rami a ciki. Irinta ce mutanen Sin su ke amfani da ita a tsohon maganinsu na soke-soke, amma su suna bin waɗansu hanyoyi ne da suka zana a jiki bisa ga koyarwarsu ta dā, likitan fisiyo kuwa tsokar ya ke nema da yatsa. Ba kuma sakiya ba ce. Ba a ƙona ta a wuta, ba a fid da ruwa ko jini da ita, ba a kuwa shigar da ita cikin mahaɗar gwiwa.

Ta wanke hannu, ta sa safar hannu, ta goge wurin da sifirit, ta ɓare sabuwar allura a gabana. Shigarta ban ji kome ba sai kamar cizon sauro. Ta riƙa ɗaga ta tana mayarwa a hankali, tana neman ƙullin. Can sai tsokar ta zabura da kanta, kamar kifi ya motsa ƙarƙashin fata, na ji wani ciwo mai nauyi kamar na murɗewar tsoka. Zaburar nan ce a ke nema. Ta yi haka sau uku ko huɗu, ta zare, ta danne wurin da auduga. Duka bai kai minti biyu ba. Da ta sake aunawa gwiwa ta kai digiri 119. Kwana biyu cinyar tana yi mini tsami kamar an doke ni da kulki, a rana ta uku ciwon gefen ƙoƙon ya ragu ƙwarai.

Sai na ce na sami gajeriyar hanya. Da na koma na ce mata, "Likita, a riƙa yi mini allurar nan kullum mana, mu huta da wannan wahalar motsa jiki." Ba ta amsa ba. Ta jawo wani ɗan benci gaban madubi, ta ce, "Malam, hau da ƙafar dama, ka sauko da ta hagu a hankali, kana duban gwiwarka." Na hau. Da na fara saukowa sai ga gwiwa tana rawa, tana karkata ciki wajen 'yar'uwarta, daidai irin karkatar da ta ke tsinka jijiya. Ta ce, "Ka gani? Allura ta saki tsokar, amma ba ta koya mata kome ba. Kai da za ka zama malami, in ka buɗe wa yara ƙofar aji, sun iya karatu ke nan?" Na yi shiru. Sau uku kaɗai ta yi mini allurar a dukan jinyata, kowane karo kuma ina sauka daga gado sai motsa jiki, tun tsokar tana sake.

ABIN DA GWAJI YA NUNA

Kada ku dogara ga labarina kaɗai, gama mutum ɗaya ba hujja ba ne. A 2017 waɗansu likitoci na ƙasar Sifen suka buga gwajin da suka yi a kan mutum 44 da aka yi wa irin aikina. Suka raba su biyu, 22 motsa jiki kaɗai, 22 motsa jiki da allura sau ɗaya a kan ciki na tsokar, a makonnin farko bayan aiki. Suka bi su mako biyar. Masu allura sun fi jin ciwo nan take, daga baya ciwon ya zama ɗaya. Gwiwarsu ta fi lanƙwasawa har mako guda, sun kuma fi jin sauƙin ayyukan yau da kullum. Amma wajen tsayawa daram a kan ƙafa ɗaya, wanda shi ne awon iko, ba a ga bambanci ba. Waɗansu kaɗan kuma jini ya taru musu a wurin da aka soka.

Saboda haɗarin jinin nan, sa'ad da asibitin 'yan wasa na Aspetar, a Doha ta ƙasar Katar, ya fitar da ƙa'idodin jinyar wannan aiki a 2023, ya ce ba ya ba da shawarar yin allurar a kwanakin farko bayan tiyata. Abin da ya sa a gaba shi ne motsa jiki, da ƙanƙara don rage ciwo, da na'urar lantarki mai sa tsoka ta matse. Har wa yau masana suna gardama a kan ƙullin kansa, domin likita biyu su kan lalubi tsoka ɗaya kowa ya nuna wuri dabam.

Saboda haka ga iyakar abin da za a ce. Allurar tana iya rage ciwo da tauri na ɗan lokaci. Ba ta haɗa jijiyar da ta tsinke, ba ta ƙara wa tsoka ƙarfi, ba a kuwa nuna tana maido da iko ba. A hannun wanda bai koya ba kuma haɗari ce, gama babbar jijiyar jini tana bi ta gefen ciki na cinya. Mai shan maganin tsinka jini lalle ya faɗa kafin a taɓa shi. Allurar da aka yi wa wani da ita kuwa tana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau. A nan ne allura ta kan tono garma.

KOYAR DA ƘAFA

Abin da ya maido mini da ƙafa darasi ne, aji bayan aji, kamar yadda a ke koya mana a sashen dabarun koyarwa, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Da fari rage kumburi, da miƙe gwiwa sarai, da matse cinya ina kwance, sau ɗari a yini, na'urar lantarki tana taya ni. Sa'an nan tafiya ba ɗingishi, da keken motsa jiki. Daga nan nauyi, ina turawa ina ɗagawa, ana ƙara shi mako mako. Sa'an nan darasin iko: tsayawa a ƙafa ɗaya ido buɗe, daga baya ido rufe, daga baya a kan matashi mai laushi ana jefo mini ƙwallo ina cafewa, da saukowa daga bencin nan gaban madubi har gwiwa ta daina karkata. Gudu ya biyo baya, tsalle da juyi su ne ajin ƙarshe. Ba a wuce aji don kwanaki sun cika, sai an ci jarrabawarsa.

A Fabrairu na 2024, wata shida bayan aiki, gasar gidaje ta kewayo. Ina gudu a lokacin, ba na jin ciwo. Shugaban wasannin gidanmu ya zo har bakin gadona ya ce, "Ɗan'uwa, minti ashirin kawai za ka yi mana." Raina ya so ƙwarai. Amma likita ta riga ta nuna mini wani bincike na 2016, inda likitocin Norwe da Amurka suka bi 'yan wasa 106 har shekara biyu bayan aiki. Suka ga kowane wata ɗaya da mutum ya ƙara haƙuri, har zuwa wata na tara, haɗarin sake jin ciwo a gwiwar ya kan ragu da kamar rabi. Na ce masa ba zan buga ba. Aka cinye mu, waɗansu 'yan gidanmu suka yi mako guda ba su gaishe ni ba.

A wata na tara aka yi mini jarrabawa. A kan auna ƙarfin cinyar da na'ura, a kuma sa ka tsalle da ƙafa ɗaya kamar mai wasan langa, a gwada nisan da na ɗayar. Ana so mai ciwon ta kai kashi 90 cikin 100 na lafiyayyar. Na sami 82, na faɗi. A Agusta na 2024, shekara guda cif, na sami 92, sa'an nan aka sallame ni. Sannu ba ta hana zuwa.

GA MU MALAMAN GOBE

Da yawa cikinmu za a tura mu makarantun da babu likita kusa, a ba mu usur a ce mu ne malaman wasanni. To, ga abin da na ke roƙonku.

1. In yaro ya faɗi ya ce ya ji ƙara a gwiwa, ta kuwa kumbura nan da nan, a fid da shi daga wasa. Kada a ja, kada a murza, kada a gasa da ruwan zafi. A ɗaga ƙafar, a sa abu mai sanyi, a kai shi asibiti.

2. Kada ka yarda a huda gwiwar da ta kumbura a gida. Ka je da kanka ka yi wa iyayen bayani cikin ladabi.

3. Wanda aka yi wa aiki, kada ka sa shi cikin wasa don ya daina ɗingishi, sai likitansa ya sallame shi.

4. Ka koya wa yara iko tun gwiwa tana lafiya, musamman 'yan mata, gama jijiyar nan ta fi tsinke musu. Hukumar FIFA tana da tsarin ɗumama jiki na minti 20 mai suna 11+, wanda ya ƙunshi tsayawa a ƙafa ɗaya da dira daidai. An gwada shi a Legas a kan samari 416 'yan ƙwallo, aka buga sakamakon a 2014, raunuka suka ragu da kashi 41 cikin 100 ga masu yinsa. Ba ya bukatar kome sai fili da ƙwallo.

Ɗan aji ɗaya da ya tare ni a laburare kuwa, na gaya masa ya fara zuwa a duba abin da ya kumbura gwiwar, gama ba a maganar allura tukuna. In an yi masa aiki, likitan fisiyo kuma ya ga akwai ƙullin da ya tare hanya, shi ne zai san lokacinta. Na raka shi asibitin makaranta, an ba shi takardar zuwa babban asibiti. Wanda kuma ya ke so ya ga darasin ikon nan da idonsa, ya same ni a filin wasa ran Asabar da ƙarfe shida na safe, ya zo da ɗan benci.